Farin Bangon da Usta Haruna Ya Bari

Shekara goma sha biyar ke nan da aka fita da mahaifina, Usta Haruna, daga gidanmu na unguwar Sih a Madina zuwa maƙabartar Baƙi'a. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da muke yi bai wuce mu dafa shinkafa mu aika wa maƙwabta, mu yi masa addu'a, kowa ya koma harkarsa ba. Bana dai na ce sai na ɗauki alƙalami, domin bana ne na fara ganin aikin hannunsa da idona. Na san mai karatu zai yi mamaki. Mace ta haura sittin, ubanta ya ƙare rayuwarsa yana zana bangon mutane a gari ɗaya da ita, amma ba ta taɓa ganin zanen ba. To haka abin yake, kuma dalilin ba wani mai nisa ba ne.

Baba haifaffen Madina ne. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Damagaram da niyyar aikin hajji, ya daɗe a hanya ta Sudan, da ya iso kuma ya ga babu inda ya fi nan, sai ya yi zamansa. Magini ne, a hannunsa Baba ya koyi yaɓe da shafe, daga baya ya koma ƙarƙashin wani tsoho mutumin Bukhara ya koyi haɗa launi da zane. Usta shi ne sunan da ake ba gwanin sana'a a nan, kuma ban taɓa jin wani ya yi masa gardamar sunan ba. Bai cika karɓar aikin falo ko ɗakin amarya ba. Abin da aka san shi da shi shi ne ɗakin littattafai. A da, gidajen masu ilimi na garin nan kusan kowanne yana da gonar dabino a bayan gari, wajen Ƙiblatain ko Ƙuba, da gida a cikinta inda iyali ke komawa idan zafi ya tsananta, dabino ya fara nuna. Maigida yakan ware ɗaki guda a ɓangaren maza ya jera littattafansa, can yake wuni. Waɗannan ɗakunan Baba yake ƙawatawa. Matan gidan ma ba kasafai suke leƙawa ba, balle ni 'yar mai fenti.

Mu abin da muka sani na sana'ar shi ne turmi. Baba ya tsani fentin gwangwani, ya ce warinsa yana shiga takarda, kuma yana toshe wa bango numfashi. Launinsa a tsakar gidanmu ake haɗa shi: jar ƙasa, shuni, gawayi, farar ƙasa, da ƙaro da ake jiƙawa ya kwana don ya riƙe launin. Innarmu ce take dakawa, tana yi tana mita, don ya taɓa aron turmin girkinta bai gaya mata ba, muka yi kwanaki muna cin tuwo mai duhun shuni. Da hannunta ya gaji, aikin ya dawo kaina, har bayan na yi aure ina zuwa in daka masa. Kuma mutum ne mai wuyar sha'ani, Allah ya gafarta masa. Sai in daka in tankaɗe har kafaɗata ta ƙage, ya zo ya lakata da yatsa ya murza a farcensa, ya yamutsa fuska ya ce, “Wannan ai tsaki ne, kaji zan ba wa?” Idan kuma launin ya fito da kyau, yana ɗaukar ido, nan ne ma zai fi ɓata rai. Sai ya sa a ƙara toka ko farar ƙasa har ya dusashe. Na sha jin haushin wannan, don ni a ganina ɓata min wahala yake yi.

Wata rana Inna ta tambaye shi abin da ya sa aikin da wasu ke gamawa cikin sati shi sai ya cinye wata. Ina wurin, ina tankaɗe. Ya ce shi ba ya taɓa ɗaki sai an fara jera littattafan ya gani. Sai ya tambayi maigida inda yake zama idan zai yi karatu, ya je ya zauna a wurin, a ƙasa, ya jingina inda mutumin ke jingina, tun hantsi har la'asar yana kallon yadda haske ke yawo a ɗakin. Masu gida da yawa sun ɗauka lalaci ne, wani ma ya taɓa aiko masa da matashin kai don ya ji daɗin barcin. Daga wannan mazaunin yake auna komai. Sannan akwai ƙa'idar da ba ya karyawa: daga saman kantar littattafai zuwa rufi nan ne nasa, daga nan zuwa ƙasa kuwa fari fat yake barinsa. “Mai karatu ba ya son a yi masa surutu,” in ji shi. “In na zuba masa fure a gaban ido, na shiga tsakaninsa da littafinsa. Ni sai ya gaji ya ɗaga kai nake gaishe shi.” Ya taɓa tattara kayansa ya bar wani gida saboda maigidan ya nace sai an cika bangon har ƙasa.

Haka kuma bai yarda ya rubuta aya a bango ba, duk yadda aka roƙe shi. Ya ce bango ranar rushewarsa tana nan tafe, kuma ba zai so a tattake sunan Allah a cikin ɓaraguzai ba. Saboda wannan maganar tasa nake da tabbacin cewa da zai dawo yau ya ga abin da ya faru da gonakin nan, ba zai zauna yana kuka ba. An yanka yawancinsu filaye, an yi benaye, wasu an mai da su istiraha, wato gidajen hutu da ake haya don biki ko walima. Ɗakunan da ya sha ciwon wuya a kansu sun bi motar kwasar ƙasa. Zai girgiza kai ya ce dama ya faɗa. Abin da zai tayar masa da jijiyar wuya shi ne adon yanzu: rufin jibs, wato silin ɗin farar ƙasa, mai hawa-hawa, da fitilu ja da kore da shuɗi a ɓoye a kowane lungu, ɗaki yana ƙyalli kamar shagon zinariya. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa na san zai so ta, ko da ba zai faɗa ba, don ya sha zafin garin nan a kan tsani.

Abin dariyar shi ne jikansa na cikina, Yasir, wannan adon na yanzu shi ne sana'arsa, kuma ya iya ta. Yaro ne mai hannu, a nan ya gaji kakansa. Yana ƙarami Baba ya daina hawa tsani, saboda haka bai taɓa bin sa wurin aiki ba. A farkon bazarar nan ya shigo min gida da murna kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Ashe akwai gidan gona guda a bayan Ƙiblatain da bai rushe ba. Jikan mai shi, wani mutumin kirki da ake kira Abu Hashim, yana son gyara gidan ya buɗe shi ga baƙi da masu ziyara. Ya nemi mai aikin ado, aka haɗa shi da Yasir, suna cikin hira ya gane cewa kakan yaron nan ne ya zana ɗakin littattafan kakansa.

“Ya ummi, wallahi shugul ɗin jaddi yana nan!” Aikin kakansa yake nufi, haka yake haɗa min Hausa da Larabci, kamar duk sa'o'insa. “Bas miskin, bai gama ba. Sama akwai zane, ƙasa abyad, fari kawai. Launin ma duk ya koɗe. Abu Hashim ya ce in sabunta shi in kammala. Ni zan ƙarasa wa jaddi aikinsa.”

Na ce masa kakansa ba ya barin aiki rabi, farin nan da gangan ne, dusashewar ma da gangan ce. Ya yi min irin murmushin da yara ke yi wa tsofaffi idan ba sa son gardama, ya ce, “Ummi, ke ai ba ki gani ba.” Maganar ta yi min zafi, kuma zafin nata shi ne gaskiya ce. Na ce to gobe ya zo ya kai ni in gani. Ban yi masa faɗa ba, don na san ba raini ne ya kawo wannan ba. Ƙauna ce take shirin shafe ɗaki na ƙarshe da ya rage na Baba a duniya, kuma wanda yake yin abu don ƙauna ya fi wuyar tsayarwa.

Muka isa da hantsi. Dabinon gonar ya ragu, benaye sun kewaye ta ta ko'ina, amma gidan yana nan da katangarsa ta baƙin dutse. Da Yasir ya tura ƙofar ɗakin, abin da na fara gani shi ne gwangwanayen fenti a jere a bakin ƙofa. Kantocin babu littafi ko ɗaya, magada sun bayar da su waƙafi tun tuni. An shigo da wasu kujeru dogaye masu ruwan zinariya. A kan farin bangon Yasir ya riga ya ja layuka da fensir, furanni manya-manya har ƙasa. A kusurwar sama kuma, kusa da ƙofa, ya gwada sabon fentinsa a kan zanen Baba, wuri kamar faɗin faranti, kore shar yana sheƙi.

Zan faɗi gaskiya, da na tsaya a tsakiyar ɗakin na ɗaga kai, ni kaina sai da na yi shakka. Zanen ya yi min kama da tsohon zani da ya sha wanki. Rassan da ganyayen kamar sun karkace, kuma layin da ya zagaye ɗakin ya fi faɗi a bangon can nesa fiye da na kusa da taga, kamar wanda aka yi da gaggawa. Na ce a raina, shin wannan ne abin da aka wahalar da kafaɗata a kansa? Sai na tuna ba a tsaye ya auna ba. Na dudduba, na hango wani wuri a gefen taga inda farin bangon ya yi santsi ya ɗan yi duhu, alamar bayan mutum da ya daɗe yana jingina. Na ture kujera, na lallaɓa da gwiwoyina masu ciwo na zauna a ƙasa, na jingina, sannan na ɗaga kai.

Komai ya koma mazauninsa. Layin da na ga ya fi faɗi ya daidaita ya zama ɗaya a duk zagayen. Rassan da suka karkace ashe duk wurin mai zaman nan suka nufo, a hankali, kamar zarbar dabino idan iska ta kaɗa ta gefe guda. Tsakaninsu ga ƙulle-ƙullen dagi irin na ginin ƙasarmu, wanda kakanmu ya zo da shi a kansa, an saƙa shi da furannin Hijaz har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Hasken tagar yana bugun farin bangon ya hau sama a tausashe, launukan suna karɓarsa ba tare da sun soki ido ba. Kuma na san launukan nan ɗaya bayan ɗaya. Shuɗin da ke saman taga ni na daka shi, na tuna yadda muka yi ta kai ruwa rana a kan tokar da ya sa na ƙara. Ashe na daɗe a cikin ɗakin da ban taɓa shiga ba. Na yi kuka sosai, ban kuma ji kunyar yaron ba.

Da na share fuska na ce ya zo ya zauna inda nake. Ya zaro waya zai ɗauki hoto, na ce ya mayar da ita aljihu. Na ciro ɗan littafin azkar da ke jakata na miƙa masa, na ce ya karanta, kada ya ɗaga kai sai idonsa ya gaji don kansa. Ya yi ta mutsu-mutsu da farko, daga baya ya nutsu. Na zuba masa ido har lokacin da ya sauke littafin ya murza ido ya jingina kai da bango. Idonsa ya hau kan zanen. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “La ilaha illallah.” Sai na ga idonsa ya koma kan koren da ya shafa, fuskarsa ta canza.

Muna haka Abu Hashim ya shigo da shayi da ɗanyen dabino. Da Larabci muka yi magana. Mutum ne mai ladabi, amma yana da hujjarsa. “Ya Ummu Yasir, na karɓi maganarki hannu biyu,” ya ce, “amma baƙi a tsaye suke shigowa, su ɗauki hoto su fita. Farin bango ba ya fitowa a hoto. Za su ce mun yi ƙyuya.” Na ce masa gidansa ne, ba ni da ikon hana shi komai a cikinsa. Ga zaure, ga falo, ga doguwar baranda, ɗana zai cika masa su da ado har baƙi su gaji da hoto. Amma wannan ɗakin an yi shi ne don mutum ɗaya da littafi ɗaya, kuma mutumin kakansa ne. Na nuna masa duhun nan na jikin bango na ce, “Wannan bayan wane ne?” Ya tsaya yana kallon wurin. Ya ce yana yaro nan yake samun tsohon, kuma idan ya shigo da gudu tsohon ba ya tsawata masa, sai dai ya nuna masa ƙasa da yatsa ya zauna. Ya cire takalmi, ya tattare jallabiyarsa, ya zauna. Shayin har ya huce babu wanda ya sha.

Ban ce na yi nasara duka ba. Ya yarda a goge layukan fensir, a fitar da kujerun, a shimfiɗa darduma da matasai, ya kuma ce zai nemo littattafai wurin 'yan uwansa a mayar kan kantocin. Amma ya sa fitilarsa mai haske a ƙofa, kuma baƙi suna shigowa a tsaye kamar yadda ya faɗa, har yau wasu suna tambayar yaushe za a ƙarasa ƙasan. Babbar asarar kuma ita ce koren nan. Fentin gwangwani ya kama, da Yasir ya zo ɗaye shi sai ya taho da zanen Baba na wurin gaba ɗaya, ya bar farar ƙasa tsirara. Ganye uku da rabin ƙulli sun tafi, babu mai dawo da su. Yaron ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Na bar shi ya ji zafin, don zafin yana da amfani, sannan na kira shi na ce ya nemo min jar ƙasa da shuni da ƙaro, shi zai cike gurbin.

Mutane suna tambayata me ya rage na Usta Haruna. Ba ni da wani dogon jawabi. Ɗakin nan ma wata rana zai tafi, shi da kansa ya san haka tun yana kan tsani, ni ma ban ɗora raina a kan dutse da farar ƙasa ba. Abin da na tabbata ya rage shi ne ladabin da ya yi wa mutanen da ya yi wa aiki. Yana da gwanintar da zai cika bango ya sa kowa ya yi ta ambaton sunansa, amma ya ja da baya ya bar wa mai karatu wurinsa, ya haƙura da a ce masa malalaci, a ce bai gama ba. A zamanin da kowane bango yake ihu, na ga jikansa ya koyi yin shiru da buroshi a hannu, kuma wannan ya ishe ni. Allah ya yalwata masa kabarinsa, ya sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa idanun bayinsa.

Ranar da Yasir ya yi cikon, ina zaune a ƙasa a gefen taga, shi yana kan tsani. Daga sama ba ya iya ganin daidai, sai ni nake ce masa ya ɗan karkata ganyen hagu, ya rage kaurin reshen, ya dakata haka nan. Sau da yawa yana saukowa ya zauna ya duba da kansa ya sake hawa. Na hana shi ɓoye mahaɗin, na ce a bar mai lura ya san hannu biyu ne. Da ya gama ya wanke buroshi, ya zo ya zauna kusa da ni, muka jingina muna kallo. Aikin ya yi kyau, ƙullin ya haɗu, amma sabon wurin yana ɗan fitowa daga cikin tsohon.

“Ummi,” ya ce a hankali, “nawa ya fi nasa haske.”

Na ce, “Nasa ma haka yake ranar da ya sauko daga tsani. Ba shi shekaru, zai lafa ya bi ɗan uwansa. Ni ba zan gani ba. Kai za ka zo ka zauna a nan ka duba mana.”